Zafin Legas ba irin na Sakkwato ba ne

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Tambayarka ta iso ni. Ka ce ɗanka da ke jami'a ya dawo hutu yana faɗin masana sun gano sauyin yanayi na jawo wa mutane cututtuka, kai kuwa shekara talatin ke nan kana kawo albasa kasuwar Mile 12 daga Sakkwato, inda rana ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, kuma ba ka taɓa ɗaukar zafin Legas a bakin komai ba. Kana so ka san ko da gaske akwai bincike a kan wannan magana, ko zancen Turawa ne kawai.

Ni likita ne, fannina lafiyar al'umma, a Agege nake zaune, kuma na daɗe ina bibiyar wannan fanni. Binciken akwai shi, ranka ya daɗe, kuma ba na jiya ba ne. Tun a 2009 mujallar likitoci ta Lancet da ke Ingila ta haɗa kwamitin masana, suka bayyana sauyin yanayi a matsayin barazana mafi girma ga lafiyar mutanen duniya a wannan ƙarni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa tsakanin 2030 da 2050 za a riƙa samun ƙarin mutuwar mutum kusan 250,000 kowace shekara ta hanyoyi huɗu kaɗai da ta lissafa, wato rashin abinci mai gina jiki, zazzaɓin cizon sauro, gudawa da tsananin zafi. A 2024 zafin duniya ya ɗara na kafin zamanin masana'antu da kimanin digiri 1.5, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara ajiye ma'auni. Sai dai na san manyan alƙaluma ba su ne za su gamsar da kai ba, don haka bari mu fara da albasarka.

Ka fi ni sanin cewa albasar da za ta yi watanni a rumfa a gida ba ta lalace ba, idan ta sauka Mile 12 sai an yi hanzarin rabuwa da ita, in ba haka ba ta fara tsiro ko ta ruɓe daga ciki. Ba rana ce ta fi zafi a nan ba. Iskar Legas ce cike da laimar teku. To abin da laimar nan ke yi wa albasa, tana yi wa jikin mutum kwatankwacinsa. Idan gari ya yi zafi, babbar hanyar da jiki ke fitar da zafin cikinsa ita ce gumi, kuma bushewar gumin a kan fata ita ce ke sanyaya mutum, kamar yadda tsattsafar jikin randa ke sanyaya ruwan da ke cikinta. A Sakkwato ma'auni zai nuna 42, amma gumi na fitowa iska ta ɗauke shi, sai dai ka ga farin gishiri a bayan riga. A Legas ma'auni zai tsaya a 33, riga ta jiƙe sharkaf, gumi na ɗiga ƙasa. Ya tafi da ruwan jikinka da gishirinsa, ya bar maka zafin. Marigayi Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabararsa tana ajiye tumatir kwanaki a arewa. Ka kawo ta nan bakin teku, amfaninta zai ragu ƙwarai, domin iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da wurin karɓar wani.

Shi ya sa masu bincike ba sa tsayawa ga ma'aunin zafi na yau da kullum. Suna naɗe kan ma'aunin da jiƙaƙƙen ƙyalle, don ya nuna iyakar sanyin da gumi zai iya kawowa. A 2010 wasu masana biyu suka yi lissafin cewa idan wannan ma'auni mai ƙyalle ya kai 35, ko lafiyayyen mutum da ke zaune a inuwa ba zai jure ba fiye da 'yan sa'o'i. Daga baya masana a jami'ar jihar Pensilbaniya a Amurka suka gwada da mutane na gaske, matasa masu ƙoshin lafiya, a ɗakin da ake sarrafa zafi da laimarsa, suka ga jiki na fara gazawa tun wajen 31. Matasa ke nan da ba sa ɗauke da buhu a ka.

Za ka tuna watan Fabrairun 2024. Ranar 11 ga wata, da Najeriya ta buga wasan ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka da Kwaddebuwa a Abidjan, sai da aka riƙa tsayar da wasa don 'yan ƙwallo su sha ruwa. A makon nan ne zafi mai laima ya rufe gaɓar tekun Afirka ta Yamma, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ta fitar da gargaɗi. Wata ƙungiyar masana da ake kira World Weather Attribution ta bi diddigin waɗannan kwanaki, ta gano cewa idan aka haɗa zafi da laima, abin da jiki ke ji ya kai wajen digiri 50 a yankin, a wasu wurare har ya doshi 60. Ta kuma ce ɗumamar duniya ta ƙara wa wannan zafi kimanin digiri 4, ta kuma ninka yiwuwar aukuwarsa sau 10.

A cikin wannan makon aka kawo mana wani saurayi ɗan dako, bai fi shekara ashirin da biyar ba, a cikin keke, abokansa biyu na riƙe da shi. Tun asuba yake sauke kaya daga tirela. Wajen azahar sai ya fara sambatu, yana kiran sunan mahaifiyarsa, bai gane abokan nasa ba. Ɗaya ya ce iska ce ta taɓa shi, ɗayan ya riga ya kai shi kemis an yi masa allurar zazzaɓi. Da na taɓa goshinsa kamar na taɓa murfin tukunya. Ma'auni ya haura 40. Muka tuɓe masa riga, muka fasa ledojin fiya wata masu sanyi muna kwarara masa, muka juya masa fanka, muka sa masa ƙarin ruwa. Sai bayan magariba ya dawo hayyacinsa. Fitsarinsa na farko ya fito kamar baƙin shayi, alamar ƙoda ta taɓu. Gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba. Da na tambayi inda yake kwana, sai suka ce su bakwai ne a shago ɗaya mai rufin kwano, babu taga, kuma kwana uku babu wuta. Allah ya sa ya tashi. Amma a littafin da muke rubuta marasa lafiya babu gurbin da aka tanada don zafi, kuma da ya cika a hanya, abin da za a faɗa a gida shi ne ya yi ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya.

Wannan ya kawo ni ga ainihin tambayarka: ta yaya suka sani? Hanyar farko ba ta da bambanci da littafin cinikinka. Idan ka ɗauko littafin shekara ashirin ka jera cinikin kowace rana, za ka ga ranakun da kasuwa ke tashi da ranakun da take faɗuwa, ko da ba ka tuna kowane mai saye ba. Haka masu bincike ke ɗauko adadin waɗanda suka rasu a gari kowace rana tsawon shekaru, su jera shi kusa da zafin kowace rana, su cire abin da annoba ko lokacin shekara ya jawo. Abin da ke fitowa kusan iri ɗaya ne a ko'ina: kowane gari yana da zafin da mutanensa suka saba da shi, da zarar an haura shi mutuwa sai ta fara hawa, kuma yawancinta ba a rubuta ta da sunan zafi. Ana rubuta bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda, numfashi. Da wannan hanya aka gano cewa zafin bazarar 2003 ya kashe sama da mutum 70,000 a Turai. Hanya ta biyu ita ce a gina duniya biyu a kwamfuta, ɗaya da hayaƙin da ɗan Adam ya zuba a sama, ɗaya babu shi, a ga bambanci. A 2021 aka haɗa hanyoyin biyu a wani babban bincike na wurare 732 a ƙasashe 43, aka samu cewa kashi 37 cikin 100 na mutuwar da zafi ke jawowa a lokacin bazara, ɗumamar da mutum ya haddasa ce silarta.

Najeriya ba ta cikin waɗannan ƙasashe 43, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna a fannin gaba ɗaya. Ba don zafi ba ya kashe mu ba. Don ba mu da littafin ne. Mafi yawan mutuwa a ƙasar nan ba a yi mata rajista. Mu kanmu, bisa koyarwar addini, mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa a maƙabartar Agege, babu takardar da ta shiga hannun kowa. Wasu masana biyu na jami'ar Oxford, Luke Harrington da Friederike Otto, sun duba babban kundin bala'o'in duniya a 2020, suka tarar cewa daga 1900 zuwa 2019 sau biyu kacal aka rubuta aukuwar tsananin zafi a duk Afirka kudu da Sahara, alhali an rubuta 83 a Turai daga 1980 kawai. Duk wanda ya taɓa yin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san wannan lissafi bai kama hanyar gaskiya ba. Inda aka ɗan ƙirga kuwa, abin ya ba da tsoro. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai 48.5 a garin Kayes na Mali, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya karɓi gawa 102 a kwana huɗu, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata 130 ya samu a watan gaba ɗaya.

A Legas, dare ya fi ba ni tsoro a kan rana. A arewa ko an sha rana, a yawancin watanni dare na kawo sauƙi, mutum ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ko ƙofar zaure. A nan kwano da siminti da kwalta suna shan zafi yini guda su riƙa amayar da shi har asuba, gidaje a cunkushe, ga sauro da tsoron ɓarayi sun sa an rufe ƙofa. Zuciya na buƙatar waɗannan sa'o'i don ta huta, domin a cikin zafi aikinta ninkuwa yake yi, tana tura jini zuwa fata don ya huce. Idan dare bai yi sanyi ba, jiya ta haɗu da yau, yau ta haɗu da gobe, a rana ta uku ko ta huɗu sai dattijo mai hawan jini ya faɗi. Wani bincike na 2022 da ya bi barcin mutum sama da 47,000 a ƙasashe 68 ta hanyar agogon hannu ya nuna zafin dare na cinye wa mutum kimanin sa'a 44 na barci a shekara, kuma asarar ta fi yawa ga tsofaffi, mata da mutanen ƙasashe marasa ƙarfi.

Ƙoda ma tana cikin layin gaba. A Nikaraguwa da El Salbado an ga matasa masu saran rake, ba su da ciwon suga ba su da hawan jini, ƙodarsu na mutuwa, kuma bincike ya nuna aiki mai nauyi cikin zafi da ƙarancin ruwa kullum yana cikin manyan dalilai. Da aka tsara musu ruwa, inuwa da hutu a kan lokaci, raunin ƙodar ya ragu. Ina tuna su duk lokacin da na ga 'yan dako, 'yan ga-ruwa masu tura kura, mahautan Oko-Oba da masu baro. Abin da ke ƙara dagula lamarin a wajenmu shi ne magungunan ciwon jiki da ake haɗiya kamar gyaɗa don a iya fita aiki gobe. Irin su ibuprofen da diclofenac, idan suka tarar da jiki babu ruwa, ƙoda suke ci.

Ka faɗa wa Hajiya da surukanka wannan kuma. Wani nazari da aka buga a 2020, wanda ya tattara bincike 70 daga ƙasashe daban-daban, ya nuna haɗarin haihuwar bakwaini na ƙaruwa da kimanin kashi 5 cikin 100 a kowane ƙarin digiri ɗaya, a kwanakin tsananin zafi kuma da kashi 16. A Gambiya, masu bincike sun bi mata 92 masu juna biyu har gona, suna auna bugun zuciyar jaririn da ke ciki yayin da uwar ke aiki, suka ga alamun wahala a jaririn na ƙaruwa da kashi 17 cikin 100 a kowane ƙarin digiri. Matanmu na nan ba gona suke zuwa ba, amma mace mai ciki wata takwas da ke tsaye kan tukunyar tuwon sayarwa ko kaskon ƙosai a lungu mai rufin kwano, zafin da take sha bai gaza na gonar ba.

Azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa a Fabrairu da Maris, daidai lokacin da Legas ta fi zafi. Hukuncin wanda ya halatta ya sha azumi na malamai ne, ba nawa ba. Nawa shi ne in ce mai ciwon suga, mai ciwon ƙoda da mai shan maganin hawan jini irin mai sa yawan fitsari su ga likita kafin wata ya kama, a daidaita musu magani, kuma a mayar da sauke kaya mai nauyi zuwa bayan sahur ko bayan buɗa-baki. Masu niyyar aikin Hajji su tuna 2024, lokacin da zafi ya kai 51.8 a Makka, alhazai 1,301 suka rasu bisa alƙaluman hukumomin Saudiyya.

Sai maganar ruwa. Iska mai ɗumi tana ɗaukar tururin ruwa fiye da mai sanyi, kimanin kashi 7 cikin 100 a kowane digiri, shi ya sa ruwan da a da zai sauka a kwana uku yanzu yake iya zubowa a dare ɗaya. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma masanan World Weather Attribution da na ambata sun gano ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin ruwan da aka yi a yankin Tafkin Chadi a daminar nan kusan sau 80. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri. Kai ma ba baƙon abin ba ne: duk lokacin da aka saki ruwan madatsar Oyan wajen ƙarshen damina, kogin Ogun ya cika, mutanen Agiliti da Owode da 'yan kasuwar shanu ta Kara sun san abin da ke biyowa. Ruwan ambaliya na haɗa masai da rijiya, daga nan sai amai da gudawa. A Yunin 2024, daidai lokacin babbar Sallah, kwalara ta ɓarke a Legas, ta fi tsanani a Lagos Island, kuma jami'an lafiya na jihar sun ambaci wani kunun aya marar rajista cikin abubuwan da suke zargi a Eti-Osa. Masu sana'ar kunun aya da zoɓo a cikinmu su kula da ruwan da suke haɗawa da ƙanƙarar da suke sawa.

A nan dole in yi maka adalci, domin shakkarka tana da tushe. Ba kowace cuta ce za a rataya wa sauyin yanayi ba, kuma ina jin haushin yadda wasu ke fakewa da shi. Kwalara ƙwayar cuta ce da ke bin ruwan da bayan gida ya gurɓata. Garin da ke da famfo mai tsabta da magudanar ruwa a buɗe, ko an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya ba ya yin kwalara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewar bangonmu ita ce kwata da leda ta toshe, gini a kan hanyar ruwa, rashin wuta da rashin ruwan sha. Masu binciken ambaliyar 2022 su da kansu sun faɗi haka, sun ambaci yadda ake sarrafa madatsun ruwa da zama a bakin kogi. Sauyin yanayi ƙarin nauyi ne a kan jakin da kaya suka riga suka yi wa yawa.

Batun sauro ya fi yadda ake faɗarsa sarƙaƙiya. Ana yawan cewa zafi zai ƙara zazzaɓin cizon sauro, amma binciken Erin Mordecai ta jami'ar Stanford da abokan aikinta ya nuna cutar ta fi yaɗuwa a wajen digiri 25, idan zafi ya wuce haka sosai sauron da kansa yana wahala. Wanda ke jin daɗin ƙarin zafin shi ne wani sauro daban, mai zanen fari da baƙi a ƙafa, mai yaɗa zazzaɓin dengi da shawara, wanda ya fi ƙarfi a wajen digiri 29. Shi da rana yake cizo, gidan sauro na dare bai cika tare shi ba, kuma a ruwa mai tsabta yake ƙyanƙyasa: duro, jarka marar murfi, tsohuwar taya. Ma'ana, yadda muke tara ruwa saboda rashin famfo shi ne gidansa. Ƙididdigar ƙasa ta 2021 ta nuna yaran da aka samu da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jininsu ba su kai 3 cikin 100 ba a Legas, alhali a Kebbi sun kai 49. Saboda haka zazzaɓi a Legas ba lallai na sauro ba ne, a yi gwaji kafin a sha magani. Akwai kuma wani baƙon sauro mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, ɗan asalin Asiya, mai son tankunan ruwa na birni, wanda cibiyar binciken lafiya ta NIMR da ke Yaba ta tabbatar da ganinsa a Gombe a 2020. Shi zirga-zirgar kaya ce ake ganin ta kawo shi, amma birni irin wannan ya dace da shi.

Hayaƙi kuma tushensu ɗaya da ɗumamar. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska ta jawo mutuwar mutum kusan 11,200 a Legas a 2018, kashi 60 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Zafi ya hana barci, a kunna janareta, hayaƙinsa ya shiga ƙirjin yaro. Kada a taɓa kwana da janareta a cikin ɗaki ko a baranda a rufe, ya sha kashe iyali gaba ɗaya.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in ji masu magana, amma a wannan lamari ba haka abin ya zo ba. Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa ba. Wannan magana ce ta gwamnatoci da tarukan duniya, kuma sai a 2023 a Dubai aka fara ware rana guda don lafiya a babban taron sauyin yanayi. Mu a nan ƙasa, abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne abin da aka gwada a birane masu kama da namu. A Ahmedabad ta Indiya, zafin Mayun 2010 ya jawo ƙarin mutuwar mutum sama da 1,300. A 2013 birnin ya fito da tsari mai sauƙi: gargaɗi kafin zafin ya zo, ruwan sha a wuraren taruwa, buɗe wuraren ibada da lambuna don mutane su fake, horar da ma'aikatan asibiti su gane cutar, daga baya kuma shafa farin fenti a rufin gidaje. Binciken da ya biyo baya ya ƙiyasta ana tsirar da rai sama da 1,100 a shekara. A Firitawun ta Saliyo an naɗa Eugenia Kargbo jami'a ta musamman kan zafi a 2021, ta farko a Afirka, kuma cikin ayyukanta akwai yi wa matan kasuwa rumfuna masu mayar da hasken rana.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin shugabannin kasuwa irin taku. Randa ko duron ruwan sha mai murfi a inda ake sauke kaya, rumfar hutawa, a sassauta dako tsakanin sha biyu da ƙarfe uku a Fabrairu da Maris, a huda taga ta biyu a shagunan da yara ke kwana don iska ta ratsa. Sabon zuwa daga gida a bar shi ya yi mako ɗaya zuwa biyu yana aiki kaɗan-kaɗan, domin jiki na buƙatar wannan lokaci kafin ya saba, kuma sababbin zuwa ne suka fi faɗuwa. Kowa ya riƙa duba fitsarinsa, idan ya yi duhu ruwa ya yi ƙaranci. Wanda ya yi gumi sosai ko ya kamu da gudawa, a haɗa masa ruwan gishiri da suga: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Idan kuwa mutum ya faɗi a rana, jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko bai san inda yake ba, kada a tsaya neman mai ruƙiyya ko mai allura tukuna. A ja shi inuwa, a cire masa kaya, a yi ta kwarara masa ruwa mai sanyi ana yi masa fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Kada a ɗura masa ruwa a baki in ba ya cikin hayyacinsa. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. Sanyayawar a fara ta nan take, a ci gaba da ita a cikin mota har asibiti. Lambobin gaggawa na jihar Legas su ne 112 da 767.

Ina da roƙo guda a wurinka, Alhaji, tunda kana da murya a ƙungiya. Ku sayi littafi ɗaya ku ajiye a ofishin Sarkin Hausawa ko na shugaban sashenku. Duk wanda ya faɗi a wajen aiki, ko aka kai shi asibiti, ko ya rasu, a rubuta kwanan wata, shekarunsa, sana'arsa, inda yake kwana da abin da aka gani a jikinsa, ba sai an sa suna ba. Ɗan naka da ke jami'a zai iya riƙe shi, ya riƙa rubuta zafin kowace rana daga sanarwar NiMet a gefe. Idan an cika shekara biyu ku kawo mini, mu zauna mu jera shi tare.